Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗakin Aure, Ibada da Waƙa

Wasiƙun wannan wata daga Maradi da kewayenta suka fito, kuma kusan dukansu a kan shimfiɗar aure suke. Mun ɓoye sunayen masu tambaya. Malamin fiƙihu da ungozoma da mai nazarin waƙoƙin Hausa ne suka haɗu suka ba da amsoshin.

Assalamu alaikum. Shekarata tara da aure, ƴaƴanmu huɗu. Maigidana bai rage ni da ci da sha da sutura ba, amma shimfiɗarmu ta koma kamar biyan bashi. Sai dare ya raba ya taɓa ni, ba magana, jim kaɗan ya juya baya ya yi barci. Ni ma na bar kwalliya. Ina jin nauyin faɗa masa. Ta ina za a fara gyara? (Wata ƴar'uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Abubuwa biyu suka fita daga ɗakinku, niyya da shiri, kuma duka ana iya mayar da su.

A Suratur Rum, aya ta 21, Allah ya lissafa aure cikin ayoyinsa, ya ce ya halitta muku matan aure daga jinsinku don ku natsu zuwa gare su, ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakaninku. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah (SAW) ya kira kusantar iyali sadaka. Sahabbai suka yi mamaki, wai mutum ya biya sha'awarsa kuma a ba shi lada? Ya tambaye su, da a haram ya yi ba zai ɗauki zunubi ba? To haka idan ya yi a halal yana da lada. Aikin da ake neman lada da shi ya cancanci tsabta da natsuwa da kyakkyawar magana, kuma hakkin ku biyu ne, ba na miji kaɗai ba.

Farkon gyara magana ce, kuma lokacinta ya fi kalmominta muhimmanci. Kada ki tayar da ita a kan gado, balle bayan an gama. Ki nemi wata yamma da ya ci ya ƙoshi, yara ba sa kusa. Ki fara da abin da kike kewa: "Baban su Wane, ina marmarin irin hirar da muke yi farkon aurenmu." Idan kika fara da "ba ka damu da ni ba", ya ji an taɓa mazantakarsa, sai ya kare kansa ko ya ƙara janyewa. In baki ya yi nauyi, gajeren saƙo a waya ya isa buɗe ƙofa, amma ki tuna yara suna ɗaukar wayar uba.

Daga nan ku ware dare ɗaya ko biyu a mako da kuka san naku ne. Wasu suna cewa sa rana yana kashe armashi. Ba mu yarda ba. Daren amarci da kowa ke tunawa, makonni aka yi ana shirinsa da lalle da kitso da turare, kuma jiran ma yana cikin daɗin.

A ranar, a ci abinci da wuri, bayan Magariba, kuma kada a cika ciki. Tuwo mai nauyi da ƙarfe goma na dare barci yake kawowa. A bar kamar awa biyu tsakanin ci da kwanciya. Sai batun yara, wanda shi ne babbar matsala a gidajenmu. Macen da kunnenta ke bakin ƙofa jikinta ba ya sakewa, komai ƙoƙarin mijinta. Suratun Nur, aya ta 58, ta umarci a koya wa yara neman izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan Isha'i. Duk wanda aka yaye ya koma wani ɗaki ko rumfa tare da yayyensa, ƙofa kuma a sa mata sakata. Sakatar nan da ba ta kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba tana gyara abin da kayan mata masu tsada suka kasa.

Wanka da asawaki da turare na ku biyu ne. Namijin da ya wuni a kasuwa ko a kan babur cikin ƙurar Maradi ba ya da hujjar jiran mace ta yi ƙamshi shi ya zo da gumi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado yadda yake son ta yi masa, kuma A'isha ta ce abin da Annabi (SAW) yake fara yi in ya shiga gida shi ne asawaki.

Muna ba da shawarar ku yi nafila raka'a biyu tare, shi a gaba ke a baya. Ba sharaɗi ba ce, kada a mayar da ita dole. Amfaninta shi ne tana yanke hayaniyar yini cikin minti biyar. Bayan sallama kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayyane, ya ambaci sunansa da abin da ya san yana damunsa. Da wuya mace ta ji mijinta yana roƙa mata lafiya da gafarar iyayenta zuciyarta ta kasa yin laushi. Sai hira ta kamar rubu'in awa, wadda babu kuɗin cefane a ciki, babu kuɗin makaranta, babu ƙorafin dangi.

Bayan haka a shiga wasa, kuma a nan ne maza da yawa suke gaggawa. Annabi (SAW) ya ambata wa Jabir wasa tsakanin miji da mata a matsayin abin so a aure. Jikin mace ya fi na namiji jinkirin amsawa: sai jini ya taru a gabanta, danshi ya sauko, tsokoki sun saki. Idan aka tsallake wannan sai ta ji zafi, zafin ya bar tsoro, tsoron ya sa ta ɗaure jiki a karo na gaba, zafin ya ƙaru. Minti 15 zuwa 20 na tausar ƙafa da kafaɗa da man kaɗe, da sumba da magana mai daɗi, ba ɓata lokaci ba ne. Sannan addu'ar da Buhari da Muslim suka ruwaito: "Bismillahi, Allahumma jannibnash shaiɗana wa jannibish shaiɗana ma razaƙtana." Idan ya riga ki, ladabi ne ya tsaya har ke ma ki samu biyan buƙata. Bayan an gama kada kowa ya juya baya nan take. A zauna a jikin juna ko na minti goma ne, a yi godiya, a yi alwala kafin barci ko a yi wanka.

Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne son a yi komai a dare ɗaya, in bai yi daidai ba a fid da rai. Ku ɗauki biyu ko uku ku fara. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta na ɗaukewa, ku mayar da lokacinku ƙarshen dare da iska ta yi sanyi, ku bar isasshen lokacin wanka kafin Asuba.

Na ji ana cewa kiɗa mai sanyi yana taimakon ma'aurata. Iyalina tana son waƙa, ni kuma ina tsoron faɗawa haram. Mene ne hukunci, kuma in ya halatta wane iri ya dace? (Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari)

Alhaji, tsoronku yana da tushe, kuma za mu faɗi maganar yadda take. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi, wato ƙaramar gangar hannu mai fuska ɗaya, suna kafa hujja da hadisin Abu Malik al-Ash'ari da ke cikin Buhari. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta hana sauraren kayan wasa da waƙa da gangan. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halacci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rataya hukuncin waƙa a kan abin da take ɗauke da shi da halin mai saurare, amma ya hana kayan tsirkiya da na busa saboda a zamaninsa alamar mashaya ne. A wajen biki kuwa, Buhari ya ruwaito cewa A'isha ta raka wata amarya gidan wani Ba'ansare, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin Ansar suna son sa.

Ku bi malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da za mu ƙara shi ne, idan zuciyarku tana zargin abin da ke tashi a ɗakin, natsuwar da ake nema ba za ta samu ba, gara a bar shi. Kada kuma ɗaya ya tilasta wa ɗaya.

Akwai hanyar da ta fi nisa da saɓani, kuma a ganinmu ta fi tasiri: muryar ku biyu. Mace ta rera wa mijinta kalmomi masu tsabta a ɗakinsu, ba kiɗa ba baƙo, wannan ba shi ne abin da ake taƙaddama a kai ba. Iyayenmu mata sun san haka. A waƙar niƙa da ta daɓe suke saka yabon maigida, kuma har yau akwai matan da ke yi wa mazansu kirari in sun shigo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne namiji ya mayar. Ba sai kun zama mawaƙi ba. Ku tsara baiti ɗaya mai layi biyu, kowane layi ya ƙare da gaɓa iri ɗaya, ku sa abin da yake gaskiya a rayuwarku, misali:

Na wuni kasuwa hankali na wurinki,
Gajiya ta sauka da na ji muryarki.

Ko faɗa kuka yi ba rerawa ba, ya isar. Abin da ke sa ta yi tasiri shi ne ta san ita aka yi wa, ba wata ba. Haka nan ma'aurata da yawa suna samun sanyin zuciya in suka saurari waƙoƙin bege marasa kiɗa tun da farkon dare, lokacin hira, su kashe kafin su kwanta.

Wanda ya bi ra'ayin halacci, ga abin da ya kamata ya lura da shi. Sauri ne farko. Ku saurari waƙar da rana, ku ƙirga bugunta cikin daƙiƙa 15. In kun samu 15 zuwa 20, wato 60 zuwa 80 a minti, ta yi kusa da bugun zuciyar mutumin da ke hutawa, kuma numfashi yakan bi ta ya lafa. Kiɗan kalangu na filin biki da waƙoƙin rawa sun wuce haka nesa, tayar da jiki suke yi zuwa tsalle. Kayan kiɗa guda ɗaya da ake kaɗawa a hankali, irin gurmi ko molo ko sarewa, ya fi tarin sauti. Wanda babu baiti a cikinsa ya fi, domin kunne yana bin kalmomi ya bar wanda ke kusa. In da baiti, ku tace shi tukuna: ban da batsa, ban da habaicin kishiya, ban da siffanta wata mace, ban da waƙar da ke tuna wa ɗayanku wani tsohon masoyi.

Ƙarar sauti kada ta kai inda raɗa ba za ta jiwu ba. Ku kunna, ku fita ku rufe ƙofa ku saurara. In kun ji daga tsakar gida, ku rage. A gidan yawa waƙar da ke tashi daga ɗaki ɗaya a wasu darare sanarwa ce ga kowa, kuma a gidan mace fiye da ɗaya tana iya zama cin fuska ga wadda ba ranar girkinta ba. Ku sa masu tura waƙa su haɗa muku na minti 30 zuwa 45 wuri guda a katin waya. Kada ku dogara da intanet, domin talla tana faɗowa a tsakiya. Ku sa wayar a alamar jirgin sama don kada kira ya shigo, ku kife ta nesa da gado, in an kira salla ku kashe.

Tun da waya ta shigo zancen: kada a ɗauki hoto ko bidiyo ko murya a wannan hali, ko da da yardar juna. Waya tana ɓata, tana zuwa wurin mai gyara, aure ma yana mutuwa. Muslim ya ruwaito cewa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar alƙiyama akwai wanda zai kaɗaita da matarsa sannan ya yaɗa sirrinta.

Kiɗa yana rufe hayaniyar waje, yana rage nauyin shirun da ke sa wasu jin kunya. Ba ya share faɗan da aka yi da rana. Wannan sai ban haƙuri.

To me zai hana a kunna karatun Alƙur'ani a madadin waƙa, don albarka? (Wani malamin makaranta, Madarunfa)

Malam, niyyar tana da kyau amma ba mu ba da wannan shawara ba. Suratul A'araf, aya ta 204, ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Wanda hankalinsa ke wani wuri ba zai cika wannan ba, kuma girman Littafin ya wuce a mayar da shi sautin cike ɗaki. Ku yi karatunku tare kafin lokacin, ko shafi ɗaya ne, ɗaya na karantawa ɗaya na bi, sannan ku rufe ku ajiye. Zikirin da aka koyar na wannan lokaci shi ne addu'ar da muka kawo a amsar farko.

Watana biyar da aure. Tun ina ƙarama nake jin ana kiran abin nan ƙazanta. Duk lokacin da mijina ya kusance ni sai in ji na yi nisa da Allah, har kunyar shimfiɗa dardumar salla nake ji. Ga wahalar wanka da kitso lokacin sanyi. (Wata amarya, Tibiri)

Ɗiyata, an tsoratar da ke don a kare ki kafin aure, sai aka manta a gaya miki cewa hukuncin ya canza ranar da aka ɗaura. Suratul Baƙara, aya ta 187, ta ce mata tufa ne ga mazansu, maza kuma tufa ne gare su. Janaba hali ne da ke hana salla har a yi wanka, ba najasa ba ce kuma ba zunubi ba ce. Abu Huraira ya taɓa zamewa daga wurin Annabi (SAW) don yana da janaba, da ya dawo ya faɗi dalili, aka ce masa mumini ba ya zama najasa. A'isha kuma ta ba da labarin suna wanka ita da Annabi (SAW) daga mazubi ɗaya. Iyakokin da aka sa kaɗan ne kuma a fili suke: ban da saduwa lokacin haila da jinin biƙi, ban da ta dubura, ban da yinin azumin Ramadan da halin harami. Jin daɗinki da mijinki a wajen waɗannan halal ne, faɗa masa abin da kike so ma halal ne.

Wanka a mazhabar Malik ba ya buƙatar ruwa mai yawa: niyya, game jiki da ruwa, cuɗawa, jerantawa ba tare da dogon tsaiko ba, da shigar da ruwa cikin gashi. Ummu Salama ta tambaya ko sai ta kwance kitsonta, aka ce a'a, ta zuba ruwa cikin tafi sau uku a kanta. Ki riƙa matsa kitson da yatsu har ruwa ya kai fatar kai. Kitson da aka cika masa zare ko ƙari har ruwa ba ya ratsawa, shi ne sai an kwance, don haka ki gaya wa mai kitso ta sassauta. A watan Disamba da Janairu ki dafa ruwa tun da yamma ki zuba a fulas, ki surka da na sanyi in lokaci ya yi. Kada ki shigar da gawayi mai ci cikin rufaffen ɗaki ko makewayi don jin ɗumi: yana fitar da iskar guba marar wari da ke sumar da mutum har ta kashe. Turaren wuta ma haka, a turara ɗaki da tufafi, a fitar da kaskon kafin a rufe ƙofa.

Ina shayarwa, jaririna wata huɗu. Tun da na gama wankan jego nake jin zafi da bushewa. Ƙawaye sun kawo mini kayan matsi, abin sai ƙaruwa yake. (Wata mai jego, unguwar Zariya)

Ƴar'uwa, ki dakatar da matsin daga yau. Shayarwa tana rage sinadarin estrojin a jiki, shi kuwa shi ne ke sa fatar gaba ta yi kauri da danshi. Bushewar da kike ji daga nan take, ba alamar kin daina son mijinki ba ce, kuma tana raguwa in haila ta dawo ko an yaye. Gaban mace yana da ɗan tsami na halitta da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi. Alimun da kanwa da garin itatuwa da turaren da ake cusawa suna ƙara busar da wurin, su kashe masu tsaron, su bar ƙananan tsagogi da ciwon sanyi ke shiga ta cikinsu. Matsewar da ake ji bayan an sa su kumburi ne da bushewa. Wanki da ruwa daga waje ya wadatar, ba a sa sabulu a ciki.

Ki nemi man santsi da aka haɗa da ruwa a farmasi, a shafa kaɗan a ƙara in ya bushe. Basilin da man girki suna lalata kwaroron roba, basilin kuma yana daɗewa a ciki ya jawo ƙaiƙayi. A tsawaita wasa, ki zaɓi kwanciyar da ke ce ke iko da motsi, in kin ji zafi a tsaya. Idan an yi miki ɗinki wajen haihuwa kuma wurin ne ke ciwo, ko akwai ruwa mai wari, ko jini bayan saduwa, ko zazzaɓi, ki je asibitin unguwa ungozoma ta duba ki. Ki sa maigida ya karanta wannan amsa, domin rabin maganin haƙurinsa ne.

Shekaruna 54, matana biyu, ina yawan tafiya Kano da Kwatano. Ƙarfina ya ragu, na fara shan ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha, wani lokaci da tramol. (Wani Alhaji, Maradi)

Alhaji, ku fara da awon sukari da na hawan jini. Miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne, kuma waɗannan cututtuka biyu, tare da taba, su ne kan gaba wajen lalata su. Sau da yawa raunin shimfiɗa yana riga ciwon zuciya bayyana. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙarfin maza ba a san adadin abin da ke cikinsa ba, kuma an sha samun sinadarin sildenafil, maganin asibiti na miƙewar gaba, a ɓoye cikin waɗanda ake cewa na itatuwa ne. Idan ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji na jinsin nitrat, jini yana faɗuwa ƙasa warwas. Miƙewar da ta wuce awa huɗu kuma ta asibiti ce nan take. Tramol yana jinkirta kawowa da farko, daga baya ya kama mutum, ya rage sha'awar kanta, yana kuma jawo farfaɗiya. In kun saba da shi kada ku yanke rana ɗaya, likita ya tsara muku ragewa. Shi ne kuma zai rubuta muku maganin da ya dace da adadinsa in ana buƙata.

Tsoron kasawa da kansa yana hana miƙewa, shi ya sa dare na hira da tausa da addu'a, wanda aka amince tun farko ba sai an kai ga saduwa ba, yake taimakon masu irin shekarunku. Ku yi wa kowace cikin iyalinku irin wannan dare a kwananta, kada ɗaya ta samu hira ɗaya ta samu minshari. In za ku dawo daga tafiya ku yi waya tun kuna hanya ku faɗi lokacin isowa, domin Annabi (SAW) ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, don mace ta samu damar gyara kanta. Ku ma ku yi wanka ku huta gajiyar mota tukuna, ko da sai washegari.